Yadda ake kiran laburaren C da C++ daga Python, da dalilin da ya sa shirin yake faɗuwa

Mai tambaya yana da wani laburare da aka rubuta da harshen C, wani ɓangarensa kuma da C++, wanda aikinsa shi ne tace bayanan da na'urorin awo suke aikowa. An riga an harhaɗa laburaren ya koma umarnin inji, yana kuma so ya riƙa amfani da shi daga cikin Python. Ya gwada ctypes, wato kayan aikin da Python yake zuwa da shi don kiran C: wasu kiraye-kirayen sun yi daidai, wasu sun dawo da lambobi marasa kan gado, wani lokaci kuma shirin gaba ɗaya yakan mutu da saƙon `Segmentation fault`. Ya ji sunayen SWIG da Cython da pybind11, waɗanda kayan aiki ne na gina gada tsakanin Python da C ko C++, yana son sanin wanda ya dace ya ɗauka da kuma musabbabin faɗuwar.

Zan fara da musabbabin faɗuwar kafin in zo kan zaɓin kayan aiki, domin duk kayan da ka lissafa matsala ɗaya suke ƙoƙarin warwarewa, kuma wanda bai fahimci matsalar ba zai sake cin karo da ita ko wanne ya koma wa. Kiran fankishin na C daga Python, wato guntun kod mai suna da ake miƙa wa bayani ya dawo da amsa, layi uku ko huɗu ne kawai. Abin da yake cin lokaci shi ne yarjejeniyar da ke tsakanin ɓangarorin biyu: wane irin bayani ake miƙawa kuma mene ne girmansa, wa ya mallaki gurbin ƙwaƙwalwar da bayanin yake zaune a ciki, kuma ta yaya labarin kuskure zai tsallako daga wancan gefen zuwa wannan. Faɗuwar da kake gani alama ce ta cewa an saɓa ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗa.

Ka fara da tunanin abin da yake cikin fayil ɗin da ke hannunka, wanda sunansa yake ƙarewa da `.so` a Linux, ko `.dll` a Windows, ko `.dylib` a macOS. A cikinsa akwai umarnin inji, akwai kuma wani jadawali da yake cewa suna kaza yana farawa daga adireshi kaza. Idan Python ya buɗe fayil ɗin, ta hanyar `dlopen` da `dlsym` ko takwarorinsu na Windows wato `LoadLibrary` da `GetProcAddress`, adireshin kaɗai yake samu. Jadawalin bai faɗi yawan bayanan da fankishin yake karɓa ba, bai faɗi nau'insu ba, bai kuma faɗi abin da zai dawo da shi ba. Wannan ilimin yana cikin fayil ɗin `.h` ne, wato fayil ɗin da yake bayyana sigar kowane fankishin, wanda manhajar harhaɗawa ta karanta a lokacin aikinta, daga nan kuma bai shiga cikin abin da ta fitar ba ta sigar da ctypes zai iya amfani da ita. Saboda haka idan ka yi kira ta ctypes ba tare da ka bayyana nau'in bayanai ba, zato kawai yake yi, kuma zatonsa na asali shi ne amsar da za ta dawo lamba ce ta nau'in `int`.

Misali mafi sauƙi shi ne `cos` da ke cikin laburaren lissafi na C:

```
import ctypes, ctypes.util
lissafi = ctypes.CDLL(ctypes.util.find_library("m"))
lissafi.cos.argtypes = [ctypes.c_double]
lissafi.cos.restype = ctypes.c_double
print(lissafi.cos(0.0))
```

Wannan zai buga 1.0 a Linux ko macOS. Idan ka cire layin `restype`, kiran zai gudana lafiya amma amsar za ta zama shirme, kuma dalilin yana da kyau a san shi. A furosesa mai bit 64 ta zuriyar x86, ƙa'idar kira ta tanadi cewa lamba mai ɗigo tana dawowa a rajistar `xmm0` (rajista ƙaramin ma'aji ne a cikin furosesa), cikakkiyar lamba kuma a rajistar `rax`. `cos` ya ajiye amsarsa inda ƙa'ida ta ce, amma ctypes ya je ya duba ɗaya rajistar, ya ɗauko duk abin da aka bari a can. Babu wanda zai sanar da kai, domin a matakin inji babu abin da ya karye. Lambobin da ka ce ba su da kan gado, a mafi yawan lokuta daga nan suke fitowa.

Faɗuwar kuma tana da ɗan'uwan wannan dalili. Idan fankishin yana dawo da manuni, wato adireshin wani gurbi a ƙwaƙwalwa, girman manunin bayit 8 ne a tsarin bit 64, shi kuwa `int` bayit 4 ne. Idan ba ka sa `restype` ya zama `c_void_p` ko manunin wani tsari ba, ctypes zai datse rabin adireshin ya jefar, kai kuma ka mayar wa laburaren guntun a kira na gaba, laburaren ya je ya taɓa wurin da ba nasa ba, tsarin aiki ya kashe shirin. Abin da ya sa wannan kuskuren yake da wahalar kamawa shi ne wani lokaci adireshin yakan faɗo a ƙasan ƙwaƙwalwa inda rabin da aka datse sifili ne, sai komai ya yi aiki, gobe kuma ya ƙi. Don haka aikinka na farko, tun kafin ka yi tunanin sauya kayan aiki, shi ne ka buɗe fayil ɗin `.h` ka rubuta `argtypes` da `restype` na kowane fankishin da kake kira, ba tare da ka tsallake ko ɗaya ba.

Yayin da kake wannan, ka lura da nau'in `long`, wanda bayit 8 ne a Linux da macOS masu bit 64 amma bayit 4 ne a Windows mai bit 64. Ka lura kuma da `struct`, wato tsarin da yake haɗa bayanai da yawa wuri guda: wanda yake ɗauke da `char` guda da `int` guda yawanci bayit 8 yake ci, ba 5 ba, domin manhajar harhaɗawa tana saka gibin bayit 3 don `int` ya zauna a adireshin da 4 yake rabawa. ctypes ya san wannan ƙa'idar, amma bai san ko an harhaɗa laburarenka da umarnin matse tsarin ba, bai kuma san ko sabon fitowar laburaren ya ƙara wani fili a tsakiya ba. Idan kwafin da ka rubuta a Python ya bambanta da na ainihi da bayit ɗaya, duk filayen da suka biyo baya sun gurɓace.

Ɓangaren C++ na laburarenka yana da ƙarin matsala. Saboda C++ ya yarda fankishin biyu su yi tarayya a suna muddin bayanan da suke karɓa sun bambanta, manhajar harhaɗawa tana cuɗa sunan da nau'in bayanan. Fankishin `int hada(int, int)` yana zama `_Z4hadaii` a ƙarƙashin GCC ko Clang, manhajar Microsoft kuma tana da nata salon daban. Ko da ka nemo cuɗaɗɗen sunan ka kira shi, yadda ajin C++, wato tsarin da yake haɗa bayanai da fankishin ɗinsu, yake shimfiɗe a ƙwaƙwalwa da yadda `std::string` ko `std::vector` suke a ciki ba abu ne da aka daidaita tsakanin manhajoji ba. Shi ya sa ctypes, da duk wata gada da take aiki a lokacin gudanar da shiri kawai, harshen C suke ji. C shi ne harshen da kusan kowane harshe ya iya gaisawa da shi, kuma `extern "C"` ita ce hanyar da C++ yake fitar da suna a fili ba tare da cuɗawa ba.

Yanzu na zo kan abin da nake ganin ya fi komai muhimmanci, wato mallakar ƙwaƙwalwa. Python da C suna da al'adu biyu da ba sa jituwa. A CPython, wato tafintan Python da aka rubuta da C wanda akasarin mutane suke amfani da shi, kowane abu yana ɗauke da ƙidayar masu riƙe da shi, kuma da zarar ƙidayar ta sauka zuwa sifili ana mayar da gurbinsa nan take. A C kuwa mai shiri ne yake neman gurbi da `malloc` ya sake shi da `free`, kuma manuni ba ya ɗauke da wata shaida ta ko gurbin yana raye. Ƙidayar Python ba ta ganin manunin da ke hannun C. Idan ka miƙa wa laburare wani jeri, laburaren ya adana adireshinsa don amfanin gaba, kai kuma ka bar abin ya fita daga hannunka a Python, za a kwashe gurbin a ba wani, laburaren kuma ya ci gaba da rubutu a kai. Faɗuwar ba za ta zo a wurin kuskuren ba. Za ta zo can gaba, a wani layi da ba shi da laifi, kuma wannan ne yake ɓatar da mai bincike.

Na taɓa shafe kwana biyu ina bin sawun irin wannan a wani aiki, kuma abin da ya haddasa shi kiran komawa ne, wato fankishin na Python da ake miƙa wa C don ya riƙa kira idan wani abu ya faru. An lulluɓe shi da `CFUNCTYPE` a cikin layin da ake miƙa shi ga laburaren, ba a ajiye lulluɓin a ko'ina ba, saboda haka wannan kiran yana dawowa Python ya share shi. Laburaren ya riƙe adireshin fanko, shirin kuma yana tafiya lafiya har sai an sake amfani da gurbin. Gyaran layi ɗaya ne, a ajiye lulluɓin a jikin abin da zai rayu muddin laburaren zai iya kiransa. Na kawo wannan ne saboda laburaren da yake karɓar bayanai daga na'urorin awo sau da yawa yana aiki da kiran komawa, kuma ina zaton naka ma haka yake.

Matsalar tana tafiya ta ɗaya gefen ma. Idan C ya dawo maka da gurbin da ya nema, wani ne zai sake shi, kuma dole a san ko wane ne. Misali, idan ka sa `restype` ya zama `c_char_p`, ctypes zai kwafe rubutun ya ba ka `bytes`, manunin asali kuma ya ɓace daga hannunka. Idan laburaren yana jiran kai ka sake shi, kowane kira yana zubar da ɗan gurbi har ƙwaƙwalwa ta cika. Idan kuma ka yi gaggawar sakin abin da laburaren yake ganin nasa ne, ka jawo saki sau biyu, wanda ya fi zubarwa muni. Ƙa'idar da nake bi ba ta da sassauci: wanda ya nemi gurbi shi ne yake sakinsa. Laburaren da yake ba da gurbi ya kamata ya ba da fankishin na mayarwa, kuma shi kaɗai za a kira. A Windows wannan wajibi ne ma, domin laburare da Python suna iya kasancewa a haɗe da laburaren gudanarwa na C mabambanta, kowanne da rumbunsa, kuma `free` na ɗaya bai san gurbin ɗayan ba. Ga kowane manuni da yake tsallaka iyaka, ka rubuta amsar tambayoyi biyu a gefen kod ɗin: na wane ne, kuma har yaushe yake raye.

Rubutu yana da nasa tarkon, amma gajere ne. `str` na Python 3 jerin haruffan Unicode ne, `char *` na C kuwa jerin bayit ne da yake ƙarewa da sifili. Dole ka juya rubutun, yawanci zuwa UTF-8, kuma ka tuna cewa yawan haruffa da yawan bayit ba ɗaya ba ne: harafin ƙ ko ɗ ko ɓ bayit 2 yake ci. Idan laburare ya nemi tsawo, tsawon bayit yake nufi.

Sai batun kuskure. C ba ya jefa kuskure, yana dawo da wata lamba ce, ko manuni fanko, wani lokaci ya ajiye dalili a `errno`. Mai amfani da Python yana tsammanin shiri zai tsaya ya yi bayani idan abu ya lalace, saboda haka aikin gada ne ta duba amsar kowane kira ta mayar da ita kuskuren Python. A ctypes akwai `errcheck` don wannan, akwai kuma `use_errno=True` da ake sawa a lokacin buɗe laburare, domin tafintan kansa yana iya sauya `errno` kafin ka kai ga karanta shi. Kuskuren da C++ yake jefawa kuwa kada ka taɓa bari ya ratsa iyakar C ya shiga tafinta, domin tafintan bai san yadda zai tarbe shi ba, kuma ƙarshen abin yawanci mutuwar shirin ce nan take. A kama shi a bakin ƙofa, a mayar da shi lamba da saƙo.

Da yake laburarenka tace bayanai yake yi, akwai batun tsadar tsallakawa. Kowane kira yana buƙatar a juya bayanan Python su koma na C, a yi aikin, a sake juya amsar. Idan ka kira C sau miliyan ɗaya, kowane kira da lamba guda, juyin zai cinye duk saurin da ka zo nema, har ma abin ya fi tsantsar Python jinkiri. Lamba mai ɗigo a CPython mai bit 64 bayit 24 take ci, a warwatse take a ƙwaƙwalwa, `list` kuma manunai kawai yake riƙe da su. `Double` na C bayit 8 ne, kuma a jere suke kafaɗa da kafaɗa. Mafita ita ce a tsallaka sau ɗaya da kaya mai yawa. Jerin NumPy, wato laburaren lissafi na Python, a shimfiɗe yake daidai yadda C yake so, don haka ana miƙa adireshin farkonsa da yawan abin da ke ciki ba tare da kwafe komai ba. Wannan shi ne sirrin NumPy da SciPy kansu, waɗanda Python fuska ce kawai a gare su, nauyin lissafin yana kan C da Fortran da laburarorin BLAS da LAPACK. Sai dai ka tabbatar jerin a haɗe yake, domin yankin da aka ciro kamar `a[::2]` yana tsallake gurabe, C kuma bai sani ba. `numpy.ctypeslib.ndpointer` yana duba nau'i da haɗuwar jeri kafin kira, `ascontiguousarray` kuma yana gyarawa idan da buƙata.

Akwai kuma makullin da ake kira GIL, wanda yake hana zare biyu, wato layukan aiki biyu a cikin shiri guda, gudanar da kod na Python a lokaci guda. ctypes yana sakin makullin da kansa yayin kira ta `CDLL`, wanda alheri ne idan aikin C yana da tsawo, amma yana nufin zare biyu suna iya shiga laburarenka tare, kuma idan ba a gina shi don haka ba, kai ne za ka sa naka makulli. A Cython da pybind11 kuwa kai ne kake sakin GIL da hannunka, da sharaɗin ba za ka taɓa wani abu na Python ba har sai ka sake riƙe shi. Python 3.13 da ya fito a 2024 ya zo da gini na gwaji wanda ba shi da wannan makulli, abin da yake ƙara wa wannan batu nauyi.

Da wannan a hannu, zaɓin kayan aiki ya zama mai sauƙin fahimta, domin bambancinsu shi ne wanda yake ɗaukar nauyin yarjejeniyar. Tushen duka shi ne hanyar C ta Python kanta, wadda take cikin `Python.h`, inda kake rubuta gadar da hannu, kana ƙara ƙidaya da `Py_INCREF` kana ragewa da `Py_DECREF`. Tana ba da iko cikakke, amma mantuwa ɗaya a ƙidaya tana haifar da zubarwa ko faɗuwa, kuma ba na ba da shawarar a fara sabon aiki da ita sai da dalili mai ƙarfi. Duk da haka ya dace ka karanta ta ko sau ɗaya, domin Cython da SWIG da pybind11 duk ita suke rubutawa a madadinka.

ctypes, wanda Thomas Heller ya ƙirƙira kuma ya shiga ainihin laburaren Python a fitowa ta 2.5 a shekarar 2006, falalarsa ita ce ba ya buƙatar manhajar harhaɗawa ko girka wani abu. Aibinsa kuwa shi ne wanda ka ɗanɗana: kai ne kake kwafe fayil ɗin `.h` da hannu, kuma babu mai duba kwafin. cffi, wanda ya fito daga masu aikin PyPy, wani tafintan Python na daban, ya rage wannan haɗarin sosai. Kana liƙa masa bayanan C kamar yadda suke a rubuce, kuma a yanayinsa na API yana kiran manhajar harhaɗawa ta karanta fayil ɗin `.h` na gaskiya, ta cike girman tsaruka da matsayin filayensu, ta kuma yi ƙorafi idan abin da ka rubuta ya saɓa. Ga laburaren C zalla mai fankishin da yawa, cffi a wannan yanayin shi ne zaɓina.

SWIG shi ne dattijo a cikinsu. David Beazley ya fara shi a tsakiyar shekarun 1990 yana aiki da masana kimiyyar lissafin kwamfuta a ɗakin binciken Los Alamos na Amurka, kuma ƙarfinsa har yau shi ne daga bayani guda yana fitar da gada zuwa Python da Perl da Ruby da Tcl da Lua da Java da wasunsu. Idan laburarenka zai yi hidima ga harsuna da yawa, yana da hujja. Idan Python kaɗai ne, abin da yake fitarwa yakan yi kama da C sanye da rigar Python, kuma da zarar ka so gyara yadda yake juya wani nau'i sai ka koyi harshen ƙa'idodinsa na juyi, wanda karatu ne mai zaman kansa. Cython, wanda ya tsiro daga Pyrex na Greg Ewing a 2007, hanya ce ta daban: kana rubuta wani abu mai kama da Python wanda ake juyawa zuwa C, kana iya kiran C kai tsaye a cikinsa. Ya fi dacewa idan gadar da kanta tana da aiki mai nauyi, kamar zagaye a kan bayanai kafin ko bayan kira.

Ga C++ na zamani, pybind11 na Wenzel Jakob, wanda ya fito a 2015 yana bin tafarkin Boost.Python amma ba tare da nauyinsa ba, shi ne wanda ya fi yaɗuwa. Kana rubuta gadar da C++, manhajar harhaɗawa ce take gano nau'in bayanai da kanta, aji yana zama aji a Python, `std::vector` yana juyawa zuwa `list`, kuskuren `std::invalid_argument` yana isowa a matsayin `ValueError`. Amma bai ɗauke maka tambayar mallaka ba, ya dai ba ka wurin rubuta amsarta, ta hanyar manufofin dawo da ƙima da kuma `keep_alive`. Wanda ya bar su a yadda suka zo ba tare da tunani ba zai sake ganin faɗuwar da ya gudu daga gare ta. Juyin `std::vector` kuma kwafi ne, don haka ga manyan bayanai `py::array_t` ya kamata a yi amfani da shi. Shi dai Wenzel Jakob ɗin ya fitar da nanobind daga baya, wanda ya fi sauƙin nauyi da saurin harhaɗawa.

Ga halin da kake ciki, shawarata ta rataya a kan tambaya ɗaya: kana da ainihin kod na laburaren, ko fayil ɗin da aka harhaɗa da `.h` kaɗai? Idan ba ka da kod, ɓangaren C yana buɗe gare ka ta cffi ko ctypes, ɓangaren C++ kuma sai ka rubuta masa lulluɓi ka harhaɗa da manhajar da ta jitu da wadda aka gina shi da ita. Idan kana da kod, kuma kana son azuzuwan C++ su bayyana a Python da kamanninsu, ɗauki pybind11. Idan kuwa abin da kake buƙata ayyuka ne ƙalilan, kamar yadda na fahimta daga bayaninka, na fi son ka gina ƙaramar ƙofa ta C a gaban komai:

```
extern "C" {
  typedef struct Matata Matata;
  Matata *matata_kirkira(int32_t girma);
  int32_t matata_tace(Matata *m, const double *shiga,
                      double *fita, size_t yawa);
  const char *matata_kuskure(const Matata *m);
  void matata_rufe(Matata *m);
}
```

Ka duba yadda wannan ƙofar ta amsa duk abin da muka tattauna. Python bai san abin da ke cikin `Matata` ba, manuni kawai yake riƙewa, saboda haka sauya tsarin cikinta ba zai karya gadar ba. `int32_t` girmansa ɗaya ne a kowane tsarin aiki. Jerin shiga da na fita mai kira ne yake kawo su kuma shi ya mallake su, laburaren ba ya riƙe su bayan kira ya dawo. Kira ɗaya yana tace bayanai dubu ko miliyan. Kowane fankishin yana kama kuskuren C++ a cikinsa ya dawo da lamba, saƙon kuma na `Matata` ne, mai kira yana kwafe shi kawai. Abin da `matata_kirkira` ya nema, `matata_rufe` ne yake sakinsa. A gefen Python sai ka rubuta aji guda da yake ɓoye manunin, yake goyon bayan `with` don a tabbatar an rufe, yake kuma mayar da manunin fanko bayan rufewa don kira na biyu ya ba da kuskure mai ma'ana. Ƙarin ribar ita ce wannan ƙofar za ta yi aiki daga Lua ko Ruby ko Rust ranar da aka buƙata, ba tare da an taɓa ta ba.

Idan za ka raba aikin ga wasu, ka sani cewa gadar da aka harhaɗa da `Python.h` tana ɗaure da tsarin aiki da nau'in furosesa, kuma a al'ada tana ɗaure da fitowar Python da aka gina ta dominta. Tun daga Python 3.2 akwai tsayayyen ɓangare na hanyar C, wanda ake yi wa alama da `abi3`, da yake ba fayil ɗaya damar aiki a fitowa da yawa. Ana rarraba ginannen kunshi a sigar `wheel`, a Linux ana bin ma'aunin manylinux, `auditwheel` yana tattaro laburarorin da kunshin ya dogara da su ya saka a ciki, `cibuildwheel` kuma yana gina wa tsarukan aiki daban-daban.

Kafin duk wannan, ga yadda za ka kama faɗuwar da ke gabanka a yau. Gudanar da shirin da `python -X faulthandler`, wanda zai nuna maka layin Python da ake kai lokacin da ya mutu. Idan kana da kod, harhaɗa laburaren da `-g` ka gudanar da Python a ƙarƙashin `gdb`, manhajar bin sawun kuskure, don ka ga layin C, sannan ka sake harhaɗa shi da `-fsanitize=address`, wanda yake tsayar da shiri a daidai lokacin da aka taɓa gurbin da aka riga aka saki, ya kuma faɗi inda aka neme shi da inda aka sake shi. Tunda tafintan Python da kansa ba a gina shi da wannan ba, a Linux za ka buƙaci ɗora laburaren binciken tun farko ta `LD_PRELOAD`. Idan ba ka da kod, Valgrind, wata manhajar binciken ƙwaƙwalwa, yana aiki a kan fayil ɗin da aka riga aka harhaɗa, kuma sa `PYTHONMALLOC=malloc` yana hana rumbun cikin gida na Python ruɗa rahotonsa.